Gawon da Shanu Suka Shuka

Gashina ya yi fari yanzu, na manta abubuwa da yawa, amma shekarar da na kori shanu daga gonarmu ba za ta fita daga raina ba.

Bayan babban farin nan ne, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, samari suna ta kwarara Kano aikin gini. Gonarmu tana arewa da Babura. A shekarun yunwa an sassare itatuwan gawon da kakana ya bari don a ba dabbobi ganye, har suka bushe. Gona ta zama fili, iska tana kwashe ƙasa tana bar mana rairayi. Mahaifina ya ce in gero bai yi ba a damina mai zuwa, za mu tattara mu koma birni. Mutum ne da ko kwana ɗaya ya yi a Kano sai ya dawo da ciwon kai.

Ni kuwa na dawo daga makarantar horon malamai, ina ji da kaina. Ma'aikatan gandun daji suka kawo dashen darbejiya a mota. Na kwaso, na jera a gona, ina ɗauko musu ruwa a jaki.

Akwai wani dattijo Bafulatani da muke kira Baffa. Tun zamanin kakana yake sauka da shanunsa a gonarmu bayan girbi, su ci kara, su bar mana taki. Ranar da ya iso na tare shi a bakin gona. A tsaye na gaishe shi, abin da har yau nake jin kunyarsa, na ce bana babu sauka, shanu za su cinye mini dashe. Bai yi musu ba. Ya dubi wasu buhuna da ke bayan takarkarinsa, ya dube ni, ya juya garken zuwa gonar maƙwabcinmu. Kwana biyu mahaifina bai yi mini magana ba.

Kafin ruwa ya sauka, gara ta cinye rabin dashena, awakin gari suka ƙarasa sauran. Geronmu ya fito siriri, babu taki. Na maƙwabci kuwa ya yi shar, kuma duk inda kashin shanu ya kwanta sai ga ɗan tsiro mai ƙaya. Gawo ne.

Na nemi rugar Baffa har wajen Gwiwa, na durƙusa. Ya bar ni na gama ba da haƙuri, sannan ya gaya mini abin da ke cikin buhunan nan. 'Ya'yan gawo ne, tun ranin da ya wuce ya tsinto su a Roni ya adana. Ya ce ƙwayar gawo tauri gare ta, ba ta saurin tsirowa sai ta bi ta cikin saniya.

Ya ce, "Ɗana, shanuna ne suka ci itatuwan kakanka a shekarar yunwa. So na yi su mayar masa da abinsa."

Hawaye suka zubo mini. Baffa da kansa ya tako har ƙofar gidanmu, ya roƙi mahaifina ya ƙara shekara ɗaya. A lokacin an riga an ɗaure kaya. Mahaifina ya ce a kwance kayan.

Bayan girbi shanu suka sauka a gonarmu, Baffa ya zuba musu 'ya'yan gawo suka ci. Da damina ta dawo, muka bi kowane tsiro muka kewaye shi da ƙayar magarya, a wajen noma ma sai mu kauce masa. Taki ya ba mu geron da ya riƙe mu, gawon kuma ya ɗauki shekarunsa ya girma. Yau inda inuwarsa take, nan gero ya fi yin zangarniya. Mahaifina bai ƙara kwana a Kano ba, a ɗakinsa Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga nan, in na tarar da mutanen wuri suna yin wani abu da ban gane ba, sai na durƙusa na tambayi dalili kafin in hana. Da na tambayi Baffa abin da ke cikin buhunan nan, da ban kusa raba mahaifina da gonar ubansa ba.