Zo Ki Gaida Kawunki

Abu na farko da na lura da shi ranar da aka kawo ni gidan Kawu a Kontagora shi ne zanen Innata. Da la'asar muka iso, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Mata suka taso suna karɓar kayana, suna yi mini ta'aziyya da irin muryar da ake lallashin yaro, ni kuwa idona ya wuce su ya faɗa ta tagar wani ɗaki. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, an lulluɓe wani abu da ita a kan tebur. Irinta Inna take ɗaurawa ranar Juma'a. Sai daga baya na gane ba tata ba ce, anko ne da aka yi a bikin Kawu, matarsa ta gaji da nata ta ba shi. Abin da ke ƙarƙashin zanen kuwa kwamfuta ce.

Ina aji biyar na firamare lokacin. A Mashegu muke zaune, inda mahaifina ke koyarwa. Da Inna ta rasu a farkon damina, aka ga ya fi kyau in dawo wurin Kaka, mahaifiyarta, wadda ke zaune tare da Kawu. Ni yarinya ce mai kunya tun asali, rasuwar kuma ta ƙara rufe mini baki. Nakan yini ban yi magana biyar ba. Kaka takan ce an kawo mata jika an manto harshen a mota.

Kawu ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi ne, yakan tafi Bobi yi wa shanu allura ya dawo takalminsa duk laka. Ba aikinsa ne ya sa shi mallakar kwamfuta ba, so ne kawai. A Kaduna ya tsinto ta guntu-guntu a wurin 'yan gwanjo, akwatin daban, allon daban, ya zo ya harhaɗa da sukudireba da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire. Ba ta cika mako guda lafiya ƙalau. Yau allon ya yi kore, gobe madannin harafi ɗaya ya maƙale, jibi tururuwa sun yi gida a bayan fanka. Saboda haka Kaka ta sa mata suna mai jiki. Kullum da safe idan ya durƙusa gaishe ta, sai ta amsa ta ƙara da, "Yaya mai jiki? Ta samu barci?" Shi kuma ya ce da sauƙi, Hajiya, sai dai tari.

Ban taɓa roƙon a bar ni in shiga ɗakin ba. A bakin ƙofa nake zama da littafina, ina kallo ta gefen ido. Na haddace yadda yake yi. Zai ɗage zanen ya ninke shi, ya duba allurar sitabilaiza ko wutar ta kai, ya yi bismilla, sannan ya danna. Daga nan sai sautuka su biyo juna: fanka ta fara huci, wani abu a ciki ya ɗauki juyi yana ƙara sauri har muryarsa ta siranta, a yi ƙara ɗaya gajeriya, sai wata 'yar ƙaraf-ƙaraf kamar kaza na tsattsagar gero a faranti. Idan hadari ya taso kuwa, ko yana tsakiyar abu, zai kashe ya zare duk wayoyi ya mayar da zanen.

Ku da kuka taso da waya a hannu, sai na yi muku bayanin kaset. A lokacin, idan Inna tana son gaida gida, rakoda take ɗorawa a tabarma ta yi magana, a ba direban motar doya kaset ɗin ya kawo Kontagora. A nan a saurara, a sake saurara, sannan Kaka ta ɗauki amsarta a kan wannan kaset ɗin, a mayar. Kaset guda ne yake kai da kawowa, kowace murya tana shafe ta gabanta. Ba wanda ya ga aibin haka. Mai maganar tana nan, gobe ma za ta yi wata.

Saƙon Inna na ƙarshe ya iso ne a makon da Kawu ya sayo wani ɗan kati da ake soka wa kwamfuta don ta iya ji ta iya magana. Yana neman abin gwaji, sai ya jona rakodar ya ɗauki ƙarshen saƙon, ɗan abin da bai wuce minti guda ba, don iyakar abin da kwamfutar ke iya ɗauka a lokaci ɗaya ke nan. Washegari Kaka ta yi amsarta a kan kaset ɗin. Bayan rasuwar, da aka buɗe rakodarmu a Mashegu, muryar Kaka aka samu tana tambayar ko an gyara rufin madafa.

Ban san da wannan ba sai wata Asabar da hantsi. Kaka ta tafi barka, matar Kawu tana wanki a bayan gida. Kawu ya daɗe yana kallon allo bai taɓa komai ba, sannan ya ce in shigo in turo ƙofa. Ya rage ƙarar sifika, ya danna.

Inna ce. Tana cewa a gaida mutanen gida duka, doyar da ta aiko kada a zube ta a kan siminti, a ɗora ta bisa katako. Sai muryarta ta ɗan yi nisa, alamar ta juya kai.

"Ke, zo ki gaida kawunki."

Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ke ɗin nan ita ce sunana a bakinta. Sai shiru. A cikin shirun ana jin kaza, ana jin daka daga maƙwabta.

"Zo mana. To, ka ji ta, Yaya. Tana nan fa, ta riƙe mini zane."

Ta yi dariya, dariyar ba ta ƙare ba abin ya yanke.

Na tuna ranar sarai. Na tuna na cusa fuskata a bayanta, ina jin ƙamshin man kaɗanya da hayaƙi. Ban yi kuka a gaban Kawu ba. Na tsaya ina kallon 'yar koriyar fitilar da ke jikin akwatin har ya kashe.

Ashe Kaka ta sani, ita ce ma ta hana a mayar da muryar kan kaset. Ta ce kaset ƙafa gare shi, zai bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya yana tayar da kukan da aka samu ya kwanta, alhali addu'a mamaci yake bukata. Kawu bai ja da ita ba. A ganinsa ma babu inda ya fi kwamfuta aminci. Kaset rakoda kan cinye shi, rana kan narkar da shi, amma abin da aka sa a kwamfuta, in ji shi, ya zauna ke nan. Sau uku ya kunna mini a cikin wannan damina, duk a ɓoye.

Ni na fara jin canjin. Wata safiya da ya danna, fanka ta yi hucinta, amma abin da ke juyi a ciki ya yi jinkirin tashi, kuma a tsakiyar tsattsagar kazar sai na ji wani tak, tak, kamar ƙadangare na tafiya a kan kwano. Na yini ina juya yadda zan faɗa. Da yamma na tsaya a bayansa na ce, Kawu, kukanta ya sake. Ya kara kunne ya ce bai ji komai ba. Ya sa ni na kwatanta da bakina. Da na yi, sai na ga ya ajiye sukudireban hannunsa a hankali.

Ya bayyana mini cewa a cikin akwatin akwai wani faifai a rufe cikin gwangwanin ƙarfe, a nan komai yake, har da Inna. Idan ya fara wannan ƙara, kwanansa ya kusa. Nan take ya ɗauko ƙananan faya-fayan nan masu kusurwa huɗu da ake zurawa ta gaba, ya yi ƙoƙarin kwafe muryar. Kwamfuta ta ce ba wuri. Ranar da ya ɗauka, ya zaɓi ɗauka mafi kyau don ya ji iyakar ƙarfin sabon katinsa, shi ya sa ta yi wa ƙaramin faifai girma. Ya ce akwai dabarar matse ta, ya ɗauko faifan da dabarar ke ciki, ya tarar danshin damina ya sa masa fumfuna.

Sai ya tafi wurin Kaka ya durƙusa. Ina bayan ƙyaure ina ji. Bai yi dogon bayani ba, ya ce mai jiki ta yi tsanani, idan ta tafi da muryar za ta tafi. Kaka ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce ya sayo kaset ɗin, amma a ɗakinta zai zauna.

Ya sayo sabo fil a ledarsa, ya dawo ya tarar an ɗauke wuta. Aka ce wani abu ne ya ƙone a unguwar. Muka yi kwanaki muna duban ƙwan fitilar zaure. Ya so ya aro janareto, ya ji tsoron wutarsa mai hawa da sauka ta ƙarasa abin da ya rage, ya fasa. Ranar da wuta ta dawo, yara suna ihu a waje, ya jera rakoda da kaset, Kaka da kanta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya yi bismilla ya danna. Fanka ta yi huci. Tak, tak, tak. Allo ya kawo rubutu fari layi ɗaya, ya tsaya a nan.

Abin da ya biyo baya ya ɗauki sauran shekarar. Ni ce kunnensa. Zai ce in kara kunnena a jikin akwatin in gaya masa ko faifan ya juya. Ya canza wayoyi. Ya kwantar da gwangwanin ta gefe, ya kifa shi, ya riƙe shi a tafin hannu ya murɗa da sauri ko zai saki. Ya kai shi Minna aka ce sai Kaduna, a Kaduna aka ce a sayar masa da wani. A can ne ya shiga wani shago mai layin tarho, aka aika masa da tambaya ta imel zuwa wani zauren masu sha'awar kwamfuta. Bayan makonni wani direba ya kawo amsar a takarda. Wani bawan Allah daga wata ƙasa, wanda bai san mu ba, ya ce a naɗe faifan a leda a sa shi a firij ya yi sanyi sosai, wani lokaci yakan tashi na ɗan lokaci.

Ba mu da firij. Maƙwabcinmu mai kemis, wani dattijo Bakambare da ke zuwa coci da babur ɗinsa kowace Lahadi, shi ya matsar da magungunansa ya ba mu wuri. Da ya ji abin da ke cikin faifan, ya cire hularsa kafin ya rufe firij ɗin. Washegari Kawu ya rugo da shi a cikin tawul, ya jona, ya danna rakoda tun kafin ya kunna kwamfutar. Na kara kunne. Faifan ya juya. Wallahi ya juya, muryarsa ta siranta kamar da, har kaza ta fara tsattsaga. Na ɗaga kai na ce ya tashi. Kafin Kawu ya kai hannu, sai tak, tak, sannan wata doguwar ƙara kamar an ja cokali a gindin tukunya. Bayan wannan ko tak ɗin bai sake yi ba.

Washegari da safe Kawu ya durƙusa gaida Kaka. Ta amsa kawai. Ba ta sake tambayar mai jiki ba har ta bar duniya.

Gwangwanin yana wurina yanzu, a naɗe cikin atamfar. Na nuna wa masu gyara da dama, kowa ya jijjiga shi a kunne ya miƙo mini. Kaset ɗin ma yana nan, babu komai a kansa sai hucin fanka da muryata ina cewa ya tashi. Yau 'ya'yana sukan turo mini murya ta waya sau goma a yini, a kan cefane, a kan makullin da aka manta. Wayar tana ta kukan ta cika, suna yi mini dariya don na ƙi goge ko ɗaya. Muryar Inna kuwa, kalmomin suna nan a kaina, amma sautin ya gudu. Idan na yi ƙoƙarin jin ta, tawa nake ji.

Bara na je Kontagora duba Kawu. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, jikokinsa ne ke karanta masa saƙo. Muna zaune a zaure na tambaye shi ko yana tuna abin da ta ce. Ya ce ai shi ya saurara fiye da sau uku, duk ranar da ba kowa a gida. Ya fara daga doya da katako, har da yadda take jan ƙarshen magana, abin da ni na manta. Bakinsu ɗaya ashe, ban taɓa lura ba. Da ya zo wurin, sai ya wuce da sauri ya kai ga dariyar.

Na ce, "Kawu, don Allah sake faɗa. In ka zo inda ta kira ni, ka dakata kaɗan, kada ka wuce. Ina so in gaishe ka."