Inna Dije da Akwatin Likita

Shekara talatin ke nan da rasuwar Inna Dije, ƙanwar mahaifiyata, ungozomar unguwarmu a Kore Mairuwa.

Ungozomanci ta gada, shi ne kuma ya ciyar da ita bayan rasuwar mijinta. Duk gidan da ta karɓi haihuwa, ranar suna sai an aiko mata hatsi da sabulu da rabonta na naman rago.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba ma'aikata suka zo neman ungozomomi, za a kai su Dogon Dutsi a koya musu aiki irin na likita. Sauran tsofaffi suka noƙe, ita ta hau mota. Ta dawo da ɗan akwati mai almakashi da auduga da maganin ɗigawa a idon jariri. Ta koyi tafasa kayan aiki kafin yanke cibiya, ta daina shafa mata toka.

Sai magana ta bazu cewa Dije ta zama ma'aikaciyar gwamnati, tana cin albashi. Hatsin suna ya fara raguwa, har ya ɗauke. Albashi kuwa ba wanda ya taɓa ba ta. Ta koma Dogon Dutsi ta tambaya, malamin likita ya ce aikin taimakon ƙasa ne. Ta ƙare tana yin daka a gidajen da ta karɓi haihuwarsu.

Na taɓa ce mata, "Inna, ki maida musu akwatinsu mana."

Ta ce, "Ɗiyata, akwati shina maiduwa. Abin da na sani hwa, wa za ni maida ma?"

Yau jikata Rabi ta gama lakwal, wato makarantar ungozomanci, da takardarta, amma kyauta take aiki a gidan likita, tana jiran ranar da za a ɗauke ta aiki. Kuɗin kabu-kabu ma uwarta ke ba ta. Da Inna na raye, ban san ko murna za ta yi mata ba, ko ta ja ta gefe ta ce ta nemi sana'a.

Har yanzu ina jin an ci amanar Inna. Amma 'ya'yana biyu na fari da aka shafa wa cibiyarsu toka, sandarewa suka yi suka rasu kafin suna. Na ukun a hannunta aka haife shi bayan ta dawo daga koyon nan. Shi ne uban Rabi.