Taƙi Tara da Yatsa Uku

Babanmu kafinta ne, kuma a iya sanina bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Da hannunsa yake awo. Zai ware babban yatsa da na tsakiya, ya bi katako da su taƙi bayan taƙi yana motsa leɓe, in an samu ragowa ya cike da faɗin yatsu. Shekara arba'in da ɗoriya yana haka, ba a taɓa dawo masa da ƙofa an ce ta ƙi zama ba. Ni ce autarsa, kuma tun ina ƙarama abin yake ɗaure mini kai. Na sha zama a shagonsa ina satar gwada nawa hannun a kan benci, har ya raɗa mini 'Yar Tambaya.

Bana gwiwoyin Inna suka ce sun gaji da hawa bene, sai Yaya, babban wanmu, ya samo musu gida a ƙasa kusa da nasa. Aka sa ranar Juma'a za a miƙa mukullin tsohon gidan. Asabar kuma Baba zai cika shekara saba'in, mun riga mun gayyaci 'yan'uwa. Na ce a ɗage ɗaya daga ciki, kowa ya yi mini kunnen uwar shegu.

Kwalaye da tukwane duk mai sauƙi ne. Matsalar ita ce kabad ɗin kayan sawa da ke ɗakinsu, mai ƙofa uku, tsayinsa ya kusa taɓo silin. Baba ne ya yi shi a shekarar da suka shigo gidan, kuma a cikin ɗakin ya harhaɗa shi, bai tsaya tunanin ranar fita ba. Masu ɗaukar kaya suka zo ranar Litinin, babbansu ya dubi kabad, ya dubi ƙofa, ya ce gaskiya sai dai a bar wa mai gida shi kyauta. Baba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi inda kabad bai je ba, shi ma ba zai je ba. Mun san halinsa. In ya kafe a kan magana, gara ka je ka lallashi bango.

Ranar Talata Yaya ya kai shi ganin sabon ɗakin, na bi su. Bango ɗaya ne kawai zai ɗauki kabad, daga kusurwa zuwa bakin ƙofa, domin sauran duk taga ce da wurin gado. Yaya ya zaro tef daga aljihu. Baba ya yi masa wani kallo, sai ga tef ya koma inda ya fito. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya bi bangon da hannu, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Taƙi tara da yatsa uku," in ji shi. "Kabad tara ne cif. Zai shiga har da sarari."

Na tambaye shi ko in mun koma za mu sake auna kabad ɗin, don a tabbatar. Ya ce abin da ya yi da hannunsa ya san shi kamar sunansa, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ga ni da 'ya'ya biyu amma har yau yarinya ce a wurinsa.

Laraba da Alhamis a kan kwance kabad suka ƙare. A nan na ga abin mamaki, domin babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Kowane katako an fafe shi ya shige cikin ɗan'uwansa, an toshe da 'yan sandunan itace, kuma in ba a fara da wanda ya dace ba, sauran ba za su motsa ba. Baba ya zagaya ya zagaya yana ƙwanƙwasawa, ya kasa tuna na farko. Inna tana zaune a kan kwali tana naɗe kofuna da tsohuwar jarida, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce ya duba ƙasa ta hagu, ta baya. Ashe ita ce ta riƙe masa katakan lokacin da ake haɗawa, tana ɗauke da cikin Yaya, kuma ta ce faɗan da ta sha a kan wannan sandar ba mai mantuwa ba ne. Shekarata talatin da biyu a duniya ban taɓa jin labarin ba. Raina ya ɗan sosu, na kuma ji kunyar cewa duk yawan tambayata, ban taɓa yi wa Inna ko ɗaya ba.

Rana ba ta ƙarya. Juma'a aka loda kaya, aka ba da mukulli, Baba ya zauna a bayan mota tare da katakansa, ya ƙi shiga gaba.

Asabar da hantsi gida ya cika. Gwaggonmu tana neman cokula a kwalin takalma, jikoki suna zagaya kek kamar ƙudaje, mijina yana fama da labulen da ya fi tagar tsawo. Baba ya ce ba zai yanka komai ba sai kabad ya tsaya. Shi da Yaya suka shiga haɗawa, Inna na ba da umarni daga kan kujera. Kafin azahar ya tsaya, aka tura shi kusurwa. Sai ga gefensa ya shigo bakin ƙofa da faɗin yatsa huɗu. Ƙofar ɗakin ta ƙi rufuwa.

Yaya ya ce wataƙila bangon ne a karkace. Mijina ya ce katako yana kumbura in ya tsufa. Kowa dai yana nema wa Baba mafita. Shi kuwa sai ya sake bin bangon da hannu daga sama, ya samu tara da uku kamar ranar Talata. Ni abin da ya dame ni daban ne. In bango tara da uku ne, kabad kuma tara, ina yatsa bakwai suka shiga?

Na buɗe ƙofar tsakiya na leƙa ciki. A jikin katakon baya, inda kaya suka rufe shekara da shekaru, akwai 'yan layukan fensir a jere, tazararsu ɗaya. Na ƙirga, na samu tazara tara. Awon da Baba ya yi ne tun ranar da ya yanka katakon.

"Baba, zo ka sa hannunka a nan," na ce.

Da na san abin da zan gani, wallahi da na bar shi. Ya ɗora babban yatsa a kan layin farko, ya ware hannun iya ƙarfinsa. Yatsan tsakiya bai kai layi na biyu ba. Saura kusan faɗin yatsa guda. Ya sake gwadawa, yana danna gaɓoɓin da ɗaya hannun, amma sun kumbura sun lanƙwashe, sun ƙi miƙewa. Kullum muna ganin hannun nan a kan tebur, babu wanda ya lura, har shi mai hannun.

Ya daɗe yana jujjuya tafin yana kallo, ba da fushi ba, kamar wanda aka kawo wa aikin wani kafinta ya duba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe saba'in ɗin da gaske kuke."

Gwaggo ta yi dariya, ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido, don ni na jawo. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari, mai tambaya ba ya ɓata. Inna ta ce a cire ƙofar ɗakin kawai a sa labule, wa zai shigo musu? Baba ya girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa barin ƙofar wani ba ta rufuwa ba, ba zai fara da tasa ba. Kabad za a rage.

Aka sake kwance ɓangaren dama, aka fitar da katakon sama tsakar gida, aka ɗora a kan kujeru biyu. Baƙi suka fito da farantansu suna kallo. Baba ya ciro fensir daga bayan kunne, ya jera yatsu huɗu a bakin katakon, ya ja layi. Ya ɗauki zarto ya saita haƙoransa, ya tsaya jim. Zarton nan ko Yaya bai taɓa yarda ya taɓa masa ba. Sai ya juya shi, ya miƙa wa Yaya ta wajen mariƙin.

"Bi layin, kada ka yi sauri," ya ce. "Ni zan riƙe maka."