Ranar da Umma ta ɓoye sandarta a bayan firji

Komai zan iya mantawa a duniya, amma ban da ranar da matar council, wato ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, ta zo duba Ummata a gidanta na Sparkhill. Shekaru sun ja, amma har yau idan na tuna sai dariya ta kama ni, ina cikin dariyar kuma in ji idona ya ciko.

A lokacin ina aiki a Manchester, Umma kuma tana Birmingham ita kaɗai tun bayan rasuwar Abba. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗan taɓa ta, ta bar ta tana jan ƙafar hagu, ga ciwon gwiwa na tsufa. Ɗakin kwana da banɗaki duk suna sama, benen kuwa a miƙe yake kamar tsani, dole ta dawo da kwana falo. Yayana ya ce magana ta ƙare, a saki gidan ta koma wurina. Umma ta ce ba inda za ta. Wa za ta sani a Manchester? A nan kuwa duk masu shagunan Stratford Road Hajiya suke ce mata. Likitanta ne ya ba mu shawara mu nemi council ta turo a duba ta, idan aka ga buƙata gwamnati za ta tsara mata tallafi, a sa mata kujerar hawa bene, a turo mai taimaka mata kullum. Da Yaya aka yi sharaɗi: in an samu ta zauna, in ba a samu ba ta haɗa kaya.

Bayan dogon jira aka ba mu rana. Na yi ta jaddada mata a waya, “Umma, don Allah abin da yake damunki za ki faɗa.” Ta ce, “To, uwata, na ji.” Da jin wannan “uwata” ya kamata in san da magana.

Ranar cunkoson hanya ya riƙe ni, na iso matar ta riga ni. Ina buɗe ƙofa turaren wuta ya bugi hancina. Ikon Allah! Ga Umma a hakimce, ta ci ado da leshinta na zuwa biki, ɗauri ya zauna das, har da jan baki. Gadon falo babu shi babu dalilinsa, ashe maƙwabciya ta roƙa aka naɗe shi. Sandar da take dogarawa kuwa sai daga baya na gano ta a bayan firji. A gaban baƙuwa ga waina ga miyar taushe ga zoɓo mai sanyi. A zaune kan kujera ta soya wainar nan tun da sassafe, Allah kaɗai ya san yadda ta yi.

Matar baturiya ce mai fara'a. Ta tambayi Umma yadda take hawa bene, Umma ta ce, “Alhamdulillah, my dear, I manage.” Wa yake yi mata girki? Umma ta tura mata faranti, “Ci ki ji.” Wanka fa? Nan Umma ta haɗe rai, wai ita za a tambaya batun wanka a falo. Na buɗe baki na ce, “Gaskiya dai ba ta iya...” sai ta watso min hararar da tun ina firamare na san ma'anarta, ta ce da Hausa, tana yi wa matar murmushi, “Ki tona min asiri gaban baƙuwa ki gani.” Na ja bakina na yi shiru, ni da nake da 'ya'ya biyu.

Abin bai tsaya nan ba. Da matar ta tashi tafiya, Umma ta dafa bango ta miƙe wai za ta yi mata rakiya. Har bakin mota, wallahi, ba sanda, tana ɗaga mata hannu. Motar na shan kwana Umma ta zube a jikina, da kyar na shigar da ita gida. Na cika na batse, na ce, “Umma, wannan fa ba baƙuwar biki ba ce, wahalarki ta zo gani!” Ta ce tana haki, “Ko daga ina take, ƙafarta ta tako gidana. So kike ta je ta ce ta tarar da ni a kwance kamar wadda ba ta da kowa?”

Amsa ta zo kamar yadda na zata. Ƙarfen dafawa za a sa mata a jikin bene, shi ke nan. Ban ga laifin matar ba, abin da ta gani ta rubuta. Yaya ya fara maganar motar kwasar kaya, Umma kuma ta daina cin abinci.

Na nemi a sake dubawa, na samu matar a waya na zayyane mata komai. Na ce a wurinmu ba a kai wa baƙo kuka, ko ciwo zai kashe ka sai ka ce lafiya lau. Ta yi dariya ta ce to yaya za ta yi ta daina zama baƙuwa? Na ce kada ta yarda a zaunar da ita a falo, ta cire takalmi ta wuce kicin, in ta ci ta wanke farantinta.

Ranar da ta dawo, haka kuwa ta yi. Umma na cewa “No, no, sit down,” matar ta naɗe hannun riga ta hau wanke-wanke, har ta tambaya ina ake ajiye tukunya. Umma ta bi ta da kallo ta ce min, “Kin ga 'yar mutane da tarbiyya, ba irinku ba.” Can sai na ji tana yi mata faɗa wai ba haka ake kife kwano ba. Na ce a raina, to, an zo wurin.

A kicin ɗin nan, matar tana goge hannu, ta ce, “Mama, yaushe rabonki da ɗakinki na sama?” Umma ta ce tun kafin azumi. Ta ce idan banɗaki ya kama ta, a zaune take jan jiki mataki-mataki har sama, shi ya sa daga la'asar ba ta ƙara shan ruwa sai gari ya waye. Ta ce ta taɓa faɗuwa a tsakiyar benen, ta daɗe a wurin kafin ta iya tashi. Ni da nake zuwa duk ƙarshen mako, ko ɗaya ban sani ba.

Tallafin ya fito. Aka sa kujerar bene, aka gyara wurin wanka, aka ba mu damar zaɓar mai taimaka mata da kanmu, muka ɗauki wata 'yar Somaliya mai haƙuri da take zuwa da safe. Ranar farko Umma ta hau kujerar nan da bismilla, ta sauko, ta sake hawa, tana ce mata jirgina. Ta sa aka kira Yaya ta bidiyo don ya gan ta a sama, ta ce, “Ka mayar wa masu motar kaya da amsa.” Mai taimakon kuwa ba ta taɓa fita gidan ba tare da ƙunshin abinci ba, har na rasa wa yake kula da wa.

Da komai ya lafa na tambaye ta abin da yake cina a rai. Na ce, “Umma, baturiya dai baƙuwa ce, na yarda. Ni fa? Me ya sa ba ki faɗa min ba?” Ta dube ni ta ce, “Ke da kike zuwa daga Manchester a gajiye, ki kwana biyu ki koma? Ai ke ma baƙuwa ce. Da me zan sallame ki, da kuka?”

Ranar na gane cewa iyayenmu ba za su taɓa faɗa mana ciwonsu don mun zauna a falo mun ce “ya jiki” ba. Alhamdulillah za su ce, su zuba mana abinci, mu tafi da murna. Duk wanda yake son jin gaskiyar halin da mahaifiyarsa take ciki, sai ya ajiye jaka ya zauna har ta gaji da karrama shi.