Rigar Baba da ƙarfen bayan tarakta

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ina Bello na Dosara ya shige, ga ni. Da babban yatsan hagu nake rubutun nan, sai ku yi haƙuri da ni.

Kun tuna hoton ƙaramar taraktar da na sa? Ja, ta hannu, ba sabuwa fil ba. Mutum nawa suka rubuta Masha Allah a ƙarƙashinta!

Tun ina yaro nake jin Baba yana faɗin gonarsa da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye. Har ya koma ga Allah bai daina nuna tsakiyar ruwan da sanda ba. Ni kuwa na ƙudurta wata rana sai na noma filin rani da injin kaina.

Dillalin da ya kawo taraktar ya nuna mini komai a tsaitsaye. Ga hannuwan ƙarfe uku a baya inda ake maƙala garma ko haro, ga fil ɗin ƙarfe da ake zurawa su riƙe, ga kuma sandar ƙarfe mai juyawa da ke ba wuƙaƙen haro ƙarfi. Na ga sandar tsirara, na tambaye shi murfinta.

Ya ce, "Alhaji, wanga ai ado na. Kowa cire shi shikai."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin nan ya yi mini daɗi. Ban sake tambaya ba.

Kun san halinmu, ba a fara aiki da sabon abu sai an sa masa albarka. Ranar Juma'a muna sauka daga masallaci dattawa suka biyo ni gona. Na sa babbar rigar Baba, shuɗiyar nan mai aska biyu, wai don a yi da shi.

Aka shafa fatiha. Na maƙala haro, na tayar da inji, na saki sandar tana juyawa don a gani. Sai na hango fil ɗaya bai shige sosai ba. Kashe inji gaban dattawa? A ce mai tarakta bai iya ba? Na diro, na sunkuya in tura shi.

Hannun rigar ne ya sauko daga kafaɗata.

Ƙara ɗaya na ji, kamar an karya ɗanyen rake. Mutum sun fi ashirin a wurin, ba wanda ya san inda ake kashe ta. Salati kawai ake yi. Rigar ce ta nannaɗe a sandar har injin ya shaƙe ya mutu don kansa.

Yayana Umaru ya ce asibiti. Dattawa suka ce karaya ai ta mai ɗori ce, asibiti yankewa suke yi. Ni ma da bakina na ce a kai ni wurin mai ɗori. Kada wani ya ɗora wa wani, ni na faɗa.

Aka ja hannun, aka tofa, aka ɗaure da kara tamau. Kwana huɗu yatsuna suka kumbura suka yi baƙi. Aka ce ƙashi ne ke kamawa. Rana ta shida matata Hajara ta shigo da koko, ta tsaya bakin ƙofa ta toshe hanci da mayafi.

Ta ce, "Malam, wallahi hannun ga wari shikai. In ba a kai ka ba, ni za ni kai ka."

A asibitin Mafara aka ɗauki hoton ƙashi, karaya uku. Suka tura mu babban asibiti. Ƙarin ruwa, jini leda biyu, ɗaya na Yaya Umaru. Kowace safiya wankin ciwo, ni da gemuna ina kuka kamar jinjiri. Shanun huɗan da na ce na gama da su, su aka sayar aka yi jinyata.

Wata likita ta duba yatsun. Sannan ta ce, "Da ranar kuka zo, da mun yi ƙoƙari. Yanzu ko hannun, ko ran."

Na ce a ba ni zuwa gobe. Ta ce goben ce ba ta da tabbas a kanta.

Yaya Umaru ya sa hannu a takarda, don nawa ba ya riƙe biro. Aka yanke daga saman gwiwar hannu.

Na san ƙaddara ce, na karɓa. Amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Dillali ya aiko wai Allah ya ƙara sauƙi, kuma in zan sayar yana da mai so. Cikin waɗanda suka hana asibiti, wani ya zo dubiya yana cewa, "Ai mun hwaɗi, yankewa sukai." Allah ya sa ba ni da ƙarfin tashi ranar.

Yanzu ciwo ya rufe. Wani lokaci tafin hannun da babu shi yakan yi mini ƙaiƙayi, in kai hagu in sosa iska.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa Yaya Umaru, da ma'aikatan da suka jure ihuna. Hajara kuwa, ba ni da bakin gode mata.

Ku masu shirin sayen tarakta, ku ji daga wanda ya gani. Kafin ka taɓa komai a bayanta, sauke haro ƙasa, kashe inji, zare makulli. Sandar da ba murfi kada ka karɓa. Babbar riga da rawani a bar su gida. Ka koya wa wani a gidanka inda ake kashe ta. Karayar da ƙashi ya fasa fata, asibiti, ranar nan.

Taraktar tana nan bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

In mun haɗu a kasuwar Talata na miƙo maka hagu, kada ka ce Bello ya raina ka. Ita ta rage.