Dashen da Na Tuge

A wajenmu, wanda aka ba aron gona yana iya shuka gero ko wake, amma ba ya dasa itace. Gero an girbe kowa ya kama gabansa. Itace kuwa shaida ne, bayan shekara ashirin jikan mai aro zai dafa shi ya ce kakansa ya dasa, dattawa su gyaɗa kai, gona ta tafi.

Shi ya sa hankalina bai kwanta ba da na ji mahaifina ya ba ƙungiyar manoman ƙauyenmu, can kusa da Kebbe, aron gefen gonarsa. Damina ta koma zuwa a makare tana ɗaukewa da wuri, suna son gwada irin mangwaro, kashu da gwaiba da za su jure. Wani malamin gona ne mai lura da aikin, mutum mai fara'a da doguwar gaisuwa. Ni fara'ar ce ma ta fi damuna. Kowane dashe sai ya rataya masa lamba, ya buɗe littafi ya yi rubutu. Mutum ya sa lamba a abin da ba nasa ba?

Tsohon ma ba barci yake ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa a gaban kowa, cewa shi zai sa kowane dashe a rami da hannunsa. Da gwiwa ta hana shi sunkuyo, sai aikin ya dawo kaina. Ya ce mini, "Duk iccen da za shi shiga ƙasag ga, hannunmu za shi sa shi. Ka jiya?"

Ina koyarwa a Tambuwal, don haka duk ranar dashe sai in hau babur. Wata Asabar taya ta yi faci a hanya, ban isa ba sai bayan azahar, an watse. A ƙarshen layi na ga sabon mangwaro guda, an yi masa kewaye da ƙaya, an ba shi ruwa. Maƙwabcinmu ya ce malamin ya jira har rana ta take, ya ga dashen zai yi yaushi, ya sa shi da kansa. Wai daga nesa ya samo irin, guda ɗaya tak.

Raina ya ɓaci. Na ce to, ga abin da ake ta yi wa fara'a. Na kira maƙwabcin ya tsaya shaida, na kama dashen na tuge, ƙasar jikin saiwar ta zube, na mayar da shi ramin na tattake. Na koma Tambuwal ina jin na yi aikin ɗan halak.

Kafin mako biyu ya bushe ƙarau.

Ina tsaye malamin ya zo ya tsuguna a gabansa, ya daɗe yana murza busasshen ganyen. Ya ce a kan wannan dashen ya fi sa rai, don a inda ya samo shi ruwa bai kai namu ba. Na zuba masa ido ina jiran ya tuhume ni. Bai ko kalle ni ba. Ya buɗe littafinsa ya rubuta cewa wannan iri ba ya karɓar ƙasarmu, kada a raba wa manoma.

Gonar tana hannunmu har yau. Malamin an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da littafinsa, ban gaya masa ba.