Fentin Motar Surukina

Jama'a, yau da ƙasa za ta tsage da na shige ciki!

Kun san Alhaji, baban matata. Motarshi ta ƙwarzane kusa da murfin tanki. Ni da bakina na ce a bar mani, ai fenti sana'ata ce. Jiya na fesa mata shuɗi a garejina na Ƙofar Marusa. Da na zo sa kiliya, wato man ƙyallin da ake rufe fenti da shi, sai na tarar mai ƙarfin, wanda fetur ba ya ci, ya ƙare. Na ce kai, mai arahar nan na gwangwanin feshi ma ya isa. Mota ta yi sheƙi kamar madubi!

Da hantsi na kai mashi ita. Ya zagaya ta, ya sa mani albarka, ya ce in miƙa shi ɗaurin aure Gobarau. A hanya muka tsaya wurin ɗan bumburutu. Yana cikin zuba mai, mazurari ya goce. Fetur ya kwarara kan sabon fenti!

Alhaji ya fito dubawa. Kafin in buɗe baki ya goge wurin da hannun babbar rigarshi, fara ƙal.

Innalillahi! Fenti ya narke kamar man shanu a rana. Hannun riga ya koma shuɗi.

Ɗan bumburutu ya ce, "Alhaji, wane azzalumi ya yi maka wannan aiki?"

Na sunkuyar da kai.

Alhaji ya ce, "Kul! Ɗana ne."

Ya naɗe hannun rigar a kafaɗa yadda ba mai gani, ya ce mu tafi kar mu makara.

Wallahi gara ya zage ni.